Likita ɗaya ya ce a yi wa Umma aikin ƙashin baya, ɗaya ya ce a dakata: yaushe aikin yake zama dole?

Maman_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don Allah wanda ya san abin ko ya taɓa shiga irinsa ya yi magana. Ummanmu shekarunta 63. Tun tasowarta ba ta da matsalar baya, duk haihuwarta lafiya lau ta yi. 'Yan shekarun nan ne muka lura ta fara karkacewa ta dama, in ta ɗaura zani sai ka ga gefe ɗaya ya fi sauka, yanzu kuma har ta fara ranƙwafawa gaba. Kwankwaso kullum cikin ciwo, in ta ɗan yi tafiya ƙafar hagu ta ɗau zugi sai ta nemi wuri ta zauna. Islamiyyar da take zuwa da ƙafarta, yanzu sai an tsayar mata da adaidaita. An yi hoton ƙashi an ce bayan ya lanƙwashe digiri 38, an yi MRI, hoton da ke nuna jijiyoyi, an ce sun matsu daga ƙasa. Likitan farko ya ce aiki za a yi, a sa ƙarfe da kusoshi. Na biyu ya duba waɗannan hotunan dai ya ce a dakata, a fara gashi da magani. Yayanmu ya ce ko kusa ba za a taɓa mata baya ba, ƙanina ya ce a sayar da fili a kai ta Indiya. Ita kuma ta ce duk yadda muka yi daidai ne. Ni na rasa inda zan sa kaina.

Baban_Sadiq:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Ni dai ina bayan yayanku. Baya ba wurin wasa ba ne. A unguwarmu akwai dattijon da ya shiga ɗakin tiyata da ƙafarsa, ya fito a keken marasa lafiya, har Allah ya yi masa rasuwa bai ƙara takawa ba. Mace ta haura sittin, ku lallaɓa ta da magani kawai.

Ummi_Zariya:
Allah ya ba Umma lafiya. Ina bin zancen nan, don mu ma kakarmu haka take.

Auwal_Gashi:
Maman Hanan, ni aikina gashin ƙashi ne, irin su Umma kullum muna ganinsu. Abu na farko, kada lambar nan ta 38 ta firgita ku. Karkacewar baya a manya iri biyu ce mafi yawa. Akwai wadda mutum ya taso da ita tun yana ɗan shekara goma sha, ya shigo da ita girma. Akwai kuma wadda take zuwa bayan shekara hamsin, saboda faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya zaizaye, kuma gefe ɗaya ya fi ɗaya cinyewa, sai bayan ya kwanta ta can. Yadda kika kwatanta, ta Umma ta biyun ce. Kuma tana da yawa fiye da yadda ake zato: a wani bincike da aka buga a Amurka a 2005, an ɗauki hoton bayan tsofaffi masu lafiya da suka haura sittin, aka samu kashi 68 cikin ɗari suna da karkacewar. Mafi yawansu suna harkokinsu, ba wanda ya yi musu maganar tiyata.

Gashi ba ya miƙar da bayan babba, wannan ba zan ɓoye miki ba. Bel ɗin da ake ɗaurawa ma haka, yana ɗan rage ciwo na sa'o'i, amma in aka wuni da shi kullum tsokar ciki da ta baya sai su yi sanyi. Abin da muke iya yi shi ne ƙarfafa tsoka, ƙara mata nisan tafiya, da koya mata yadda za ta tashi ta zauna ba tare da ta fama wurin ba.

Dakta_Sulaiman:
'Yar uwa sannu da jinya. Ni likitan ƙashi ne, amma tunda Umma ba a gabana take ba, abin da zan ba ki hanyar tunani ce da za ki koma wa likitocinta da ita.

Ba lallai ne ɗaya daga cikin likitocin nan ya yi kuskure ba. Awon digiri da aka gaya muku hanya ce da wani likitan Amurka mai suna John Cobb ya fito da ita a 1948, kuma daga digiri 10 ake fara kiran abin sikoliyosis. Ga yara masu tasowa lambar tana da nauyi sosai wajen yanke hukunci. Ga manya kuwa ba ita kaɗai ake kallo ba. Abin da aka gano ya fi gallabar babban mutum shi ne ranƙwafawa gaba, ba karkata gefe ba. Shi ya sa muke son hoton bayan gaba ɗaya, daga wuya zuwa ƙugu, mutum yana TSAYE, ta gaba da ta gefe. A na gefen sai mu saki layi tsaye daga ƙashin wuya na bakwai. In layin ya faɗo can gaban ƙugu da fiye da santimita 5, to mutum yana kashe ƙarfi mai yawa don kawai ya ɗaga kai ya kalli gabansa. Za ki ga yana lanƙwasa gwiwa, yana dafa cinya ko bango, tsayuwar girki ko ta sallah tana gagararsa.

Muna fara maganar aiki da gaske ne in jijiya ta fara lalacewa, wato ƙafa tana rauni, tafin ƙafa yana ja a ƙasa, silifas yana fita mutum bai sani ba. Ko in hotunan shekara da shekara sun nuna lanƙwasar tana ƙaruwa. Ko kuma an yi watanni ana gashi da magani tsakani da Allah, ciwon bai bar mutum ya yi rayuwarsa ba. Sannan bayan duk wannan akwai tambayar da ta fi su nauyi: jikin zai iya ɗaukar aikin?

Abu ɗaya ne ba a jira a kansa, kuma ina roƙon kowa a nan ya riƙe. In fitsari ya riƙe ko ya fara zubowa ba da saninta ba, ko bayan gida yana kufcewa, ko tsakanin cinyoyi da mazauni ya sage ba ta jin taɓawa, ko ƙafafu suka yi rauni farat ɗaya, a ranar za a kai ta asibiti ko da tsakar dare ne.

Ki amsa mini: a tsaye aka ɗauki hoton ko a kwance? Ciwon baya ne ya fi damunta ko na ƙafa? Tana da suga ko hawan jini?

Baban_Sadiq:
Dakta, ranka ya daɗe, bayani ya yi. Amma ba ka taɓo maganar shanyewa ba. Ko ba a samu?

Dakta_Sulaiman:
Ana samu, Baban Sadiq, kuma duk likitan da ya ce maka ba haɗari to ka tashi daga gabansa. Shanyewa gaba ɗaya ba ta da yawa, musamman inda ake da na'urar da ke sa ido kan laka da jijiyoyi yayin aikin. Amma matsaloli gaba ɗayansu suna da yawa. Wasu cibiyoyi a Amurka sun bi mutum 291 da aka yi wa babban aikin gyaran baya har shekara biyu, suka buga sakamakon a 2016: kusan bakwai cikin goma sun samu aƙalla matsala ɗaya, ƙarama ko babba, kuma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu sai da aka sake komawa da su ɗakin tiyata. Wannan a manyan asibitoci ke nan masu kayan aiki. Duk da haka, a dunƙule, waɗanda aka yi wa aikin sun samu sauƙin ciwo da na zirga-zirga. Dukkan maganganun biyu gaskiya ne, shi ya sa hukuncin yake da wuya.

Hajiya_Mai_Atamfa:
'Yata Maman Hanan, ni an yi mini. Ina da shekara 58 aka sa mini ƙarfe daga tsakiyar baya har ƙugu. Kafin nan na kai matsayin da ba na iya tsayawa in auna wa mai saye yadi, sai a zaune, in na miƙe kuwa ƙasa nake kallo. Dare ba barci. Yau ina zuwa shagona, ina tsayawa a miƙe, zugin ƙafar nan ya tafi. Alhamdulillah.

Amma bari in gaya miki abin da ya kamata ku sani tun kafin a shiga. Watannin farko na sha wuya ƙwarai, juyi a gado ma sai an taimaka mini. Kuma bayan da aka haɗe ba ya lanƙwasuwa har abada. Ba na iya yanke farcen ƙafata, jikata ke yi mini. Allura ta faɗi ƙasa sai na kira yaro. Masan tsuguno ya gagare ni, sai da aka sa mini na zama. Tsarki ma sai da na koyi wata dabara da buta mai dogon baki, kuma wannan abu ne da mace ba ta iya faɗa wa likita namiji a gaban 'ya'yanta. Zaman tabarma a gidan biki ko gidan gaisuwa, in na zauna tashi sai da mutum biyu. Da za a mayar da ni baya zan sake yarda a yi, don na san inda na fito. Amma wadda ciwonta bai kai nawa ba, ban ce ta yi ba.

Nura_Tirela:
Hajiya Allah ya ƙara lafiya, ke kin dace. Yayana an yi masa yana da shekara 52, shekara ba ta zagayo biyu ba wata rana ya sunkuya ya ji ƙas a bayansa. Hoto ya nuna ƙarfen ya karye. Aka ce ƙashin bai haɗe ba, sai an sake buɗewa. Gonar gado muka sayar a karon farko, karo na biyu motarsa. Yanzu yana tafiya, amma bai koma aiki ba. Ni ban ce kar a yi ba, amma duk wanda zai yi ya tanadi kuɗin aiki biyu a ransa.

Nas_Binta:
Malam Nura, yi haƙuri da tambaya, yayan naka yana shan taba?

Nura_Tirela:
Yana sha a lokacin. Ya daina yanzu.

Nas_Binta:
To ka ga inda nake son zuwa. Mutane suna ɗauka ƙarfen ne yake riƙe bayan har abada. A'a, ƙarfen riƙon ƙwarya yake yi kafin ƙasusuwan su haɗe su zama ɗaya, abin da kan ɗauki watanni har shekara. In ba su haɗe ba, ƙarfen ne zai ci gaba da ɗaukar nauyi har ya gaji ya karye. Taba tana cikin manyan abubuwan da ke hana haɗewar. Ban ce ita kaɗai ce ta jawo na yayanka ba, yana faruwa ga waɗanda ba sa sha ma.

Ga Umma kuwa abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙwarin ƙashinta. Mace da ta daɗe da daina al'ada ƙashinta yakan zaizaye ba ta sani ba. Ɗaura kusa a irin wannan ƙashin kamar kafa ƙusa ne a bangon ƙasa da ya sha ruwa, za ta shiga amma ba za ta riƙe ba. Akwai awon ƙwarin ƙashi da ake kira DEXA, in sakamakon ya kai -2.5 ko ƙasa da haka to akwai zaizayar ƙashi, kuma ana so a fara maganinta kafin a yi zancen ƙarfe. Sai suga, in bai daidaita ba wurin da aka yanka yakan ɗau ruwa. Sai jini, don aikin nan yana cin sa'o'i da yawa kuma ana zubar da jini sosai, dole a tanadi leda da masu bayarwa. Ku tambaya ko akwai gado a ɗakin kulawa ta musamman bayan an fito.

'Yar_Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni daga Nijar nake. Ku yi mini haƙuri in ɗan kauce. Ƙanen mijina ya yi ta ciwon baya yana ramewa, da dare zufa ta jiƙa shi sharkaf, sai wani ƙulli ya fito masa a tsakiyar baya kamar doro. Aka ce sanyi ne, aka ce jifa ne, aka kai shi wurin mai ɗori ya danna wurin. Bayan nan ƙafafunsa suka fara nauyi. Da aka kai shi asibiti ashe tibi ce, wato cutar tarin fuka, ta ci ƙashin. Ko tari bai taɓa yi ba. Magani aka ɗora shi a kai na tsawon watanni, ƙafafun suka dawo, doron dai yana nan. Ina faɗa ne don kar a ɗauka duk lanƙwasar baya ta tsufa ce.

Dakta_Sulaiman:
Kin kyauta da kika kawo wannan, 'yar uwa, don a ƙasashenmu tibin ƙashin baya yana cikin manyan abubuwan da ke jawo doro. Tsohuwar cuta ce, wani likitan Ingila, Percivall Pott, ya yi bayaninta tun 1779. Maganinta na farko ƙwayoyin tibi ne, wata tara zuwa shekara guda, kuma a Najeriya kyauta ake bayarwa a cibiyoyin tibi. Da yawa suna warkewa ba tare da wuƙa ba. Ana aiki ne in laka ta matsu ƙafafu suna mutuwa duk da magani, ko ƙasusuwan sun rushe bayan ba ya tsayuwa, ko doron yana ƙaruwa sosai. Duk mai ciwon baya da rama da zazzaɓin dare, ko wanda ya taɓa yin ciwon daji, kada a taɓa masa baya sai an yi hoto.

Sarkin_Yaƙi_01:
Amma fa kada a raina masu ɗori. Kakana da ɗori ya yi suna, mutane da yawa sun warke a hannunsa waɗanda asibiti ta ce sai an yanke.

Auwal_Gashi:
Ba raini ba ne ɗan uwa. Karayar hannu daban, ƙashin baya daban. A cikinsa laka take. Mai ɗori ba ya ganin abin da ke ciki, in tibi ko zaizaya ta riga ta cinye ƙashin, dannawa ɗaya ta isa ta kwantar da mutum. Kuma bayan da ya ɗauki shekaru yana lanƙwashewa ba ya miƙewa da hannu.

Zee_Kaduna:
Don Allah ni ma a taimaka mini. Shekarata 27, tun ina sakandare aka ga kafaɗata ɗaya ta fi tsawo, haƙarƙarin dama ya ɗan turo ta baya. An auna bara an ce digiri 46. Ba na jin ciwo sosai sai in na daɗe a zaune. An sa ranar aurena, wata gwaggon angon tana ta yaɗa cewa ba zan iya ɗaukar ciki ba, wai nan gaba ƙusumbi zan yi. Har na fara tunanin in nemi a yi mini aikin kafin biki.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Haba 'yata. Kada ki kwanta a yanka ki saboda bakin gwaggo.

Dakta_Sulaiman:
Ƙanwata Zee, naki irin na farko ne da Malam Auwal ya ambata. A jihar Ayowa ta Amurka an bi masu irin wannan karkacewar da ba a yi musu aiki ba har tsawon shekara hamsin, aka buga sakamakon a 2003. Sun fi sauran mutane yawan ciwon baya, amma sun yi aure, sun haihu, sun yi aiki, sun tsufa suna hidimar kansu. Daga bin waɗannan mutanen ne aka gane cewa lanƙwasar da ba ta kai digiri 30 ba lokacin da girma ya tsaya yawanci ba ta ƙaruwa, wadda ta haura 50 a saitin ƙirji kuwa takan ƙaru da kusan digiri ɗaya duk shekara. Matsalar numfashi sai lanƙwasar ƙirji ta yi tsanani ƙwarai ake ganinta. Ke kina tsakani, don haka abin da kike buƙata sa ido ne: ki adana hoton bara, a sake wani bayan shekara ɗaya ko biyu a gwada. Ciki kuma masu sikoliyosis suna ɗauka suna haihuwa da kansu. Ki dai sanar da masu awo da likitan sa barci tun da wuri, don allurar baya takan yi wuyar shiga.

Ɗan_Zango_Nima:
Gaisuwa daga Ankara ta Gana. Tunda ana maganar Indiya, ku sani a nan Afirka ta Yamma ma akwai inda aka ƙware. Asibitin FOCOS da ke nan Ankara, Farfesa Oheneba Boachie-Adjei ne ya kafa shi, ɗan Gana ne da ya daɗe yana shugabantar sashen sikoliyosis a wani babban asibitin ƙashi a birnin New York, aka buɗe asibitin a 2012. Har daga Habasha da Saliyo ake kawo masu lanƙwasa mai tsanani. Zee, ki gaya wa gwaggon nan Usain Bolt ma yana da sikoliyosis, kuma ba a yi wanda ya kai shi gudu ba.

Nas_Binta:
Ko Gana ko Indiya ko Masar, tambayar da ƙanin Maman Hanan zai yi wa kansa ita ce: in an dawo gida ciwon ya fara ruwa, ko kusa ta saki bayan wata shida, wa zai duba ta? Na ga waɗanda suka dawo da takarda shafi ɗaya, ba a ma rubuta irin ƙarfen da aka sa musu ba. A gida muna da asibitocin ƙashi na tarayya a Dala ta Kano da Igbobi ta Legas da Inugu, ga asibitocin koyarwa masu likitocin ƙashi da na ƙwaƙwalwa da laka. Duk inda za a je, ku tambayi likitan kai tsaye sau nawa yake irin wannan aikin a shekara, kuma wa zai bi ta bayan sallama.

Maman_Hanan:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Dakta ga amsoshin. Hoton a kwance aka ɗauka, kuma iya ƙasan bayan ne. Fitsari da bayan gida lafiya lau. Tana da suga, tana shan magani amma ba kullum take aunawa ba. Ba a taɓa yi mata awon ƙwarin ƙashi ba. Na zauna da ita mu biyu bayan isha'i na ce Umma ki bar zancen su Yaya, ke me ya fi damunki? Ta ce ciwon bayan ta saba da shi, ƙafar ce ke hana ta sakat. In ta zauna ko ta sunkuya ta dafa wani abu sai ya lafa. Karkacewar kuma ta ce ba ta dame ta ba, mu ne take damu. Abin da take so shi ne ta yi sallar farilla a tsaye, ta kuma je islamiyya da ƙafarta. Sai kuma ta ce tana shan diklofenak safe da yamma tun bara, a kemis take aikawa a sayo.

Nas_Binta:
Innalillahi. Mai suga, shekara 63, diklofenak kullum? Don Allah a gaya wa likitanta gobe, a duba ƙodarta. Maganin nan yana cin ƙoda yana kawo gyambon ciki. Wannan ya fi karkacewar gaggawa.

Malam_Habu:
Game da sallah, a kwantar wa Hajiya da hankali. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Imrana ɗan Husaini da ba shi da lafiya ya yi sallah a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Wanda larura ta zaunar ladansa bai ragu ba. Neman magani halal ne, barin aiki mai haɗari ma halal ne. Kada ta shiga tiyata don tana ganin sallarta ba ta cika ba.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Gaskiya ne Malam. Ni bayan aikin tsayuwa ta dawo mini, amma sujada a ƙasa ta yi mini wuya, kan kujera nake ƙarasawa. Ku gaya mata wannan ma ta sani.

Dakta_Sulaiman:
Maman Hanan, zaman da kika yi da ita ya fi MRI ɗin amfani. Ciwon ƙafa da ke zuwa da tafiya ya lafa da zama ko sunkuyo, alamar matsewar hanyar jijiyoyi ce. Wannan ya buɗe wata ƙofa da ba a ambata muku ba: ba aiki iri ɗaya ba ne. Akwai ƙarami, a buɗe wa jijiyar hanya kawai ba ƙarfe. Akwai matsakaici, a buɗe a kuma haɗe gaɓa ɗaya ko biyu. Sai babba irin na Hajiya. Ƙaramin ya fi sauƙi a jiki, amma a bayan da ya riga ya karkace yana iya sa karkacewar ta ƙaru daga baya, musamman in ƙasusuwan suna zamewa. Wanne ya dace da ita, hoton tsaye ne zai nuna, don na kwance yana ɓoye ranƙwafawar. Wasu kuma ana gwada musu allura a saitin jijiyar, takan ba da sauƙi na ɗan lokaci, ta kuma nuna wa likita ainihin inda ciwon yake fitowa.

A 2019 an buga wani bincike na cibiyoyin Amurka da Kanada kan mutum 286 masu shekara 40 zuwa 80 da ke da irin wannan karkacewar ta ƙasan baya. Bayan shekara biyu waɗanda aka yi wa aiki sun fi samun sauƙi, waɗanda ba a yi wa ba kuwa yawanci suna nan yadda suke. Shawarar masu binciken ita ce wanda ya gamsu da halin da yake ciki a bar shi ba aiki, amma ya san da wuya ya ƙara samun sauƙi, wanda kuwa bai gamsu ba yana neman canji, aiki ya fi masa. Kin ga sun mayar da maganar hannun mai ciwon.

Baban_Sadiq:
To ai ka ga ta ce ta saba da ciwon bayan. Ni har yanzu ina kan bakana, a bar baiwar Allah nan. Kuma ku 'ya'ya ku yi hattara, kada kunyar a ga mahaifiyarku a karkace ta sa ku tura ta.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Baban Sadiq, mu mata mun iya cewa mun saba. Ni ma haka na yi ta faɗa don kar in ɗora wa yara nauyi, alhali da dare kuka nake. Kuma jira ma yana da nasa farashin. Abin da jiki zai ɗauka a 63 ba lallai ya ɗauka a 70 ba. Wata ƙawata ta yi ta ɗagawa, da ta shirya likita ya ce zuciyarta ba za ta iya ba.

Nura_Tirela:
Yayana kuma cewa yake da ya sani da ya ƙara jira. Kowa da inda ta fi masa zafi.

Auwal_Gashi:
Dakatawar da likita na biyu ya ce ba zaman jiran tsammani ba ne, in dai za a yi ta yadda ya kamata. Maman Hanan, ku samu littafi. Yau a duba minti nawa Umma take iya tafiya kafin ƙafar ta tsayar da ita, minti nawa take iya tsayuwa, a rubuta. A fara gashi na gaske wurin ma'aikaci, ba tausa a gida ba, wata uku zuwa shida, ana rubutawa duk mako. A cikin wannan lokacin a yi hoton tsaye, a yi awon ƙwarin ƙashi, a daidaita suga, a canja maganin ciwon. In lissafin yana hawa, kun samu amsa. In yana sauka, ko ƙafar ta fara rauni, kun riga kun shirya jikinta, kuma za ku koma wa likitan farko da hujja a hannu.

Baban_Sadiq:
Wannan na yarda da shi, banda ƙarshen.

Ummi_Zariya:
Dakta, tamu kakar shekararta 78, ita gaba ta ranƙwafa sosai bayan ta faɗi a banɗaki, tsawonta ma ya ragu. Ita ma wannan lissafin za a bi, ko nata daban ne?

Dakta_Sulaiman:
Nata ya fi kama da ƙashin baya da ya murƙushe saboda zaizaya, kuma hanyarsa daban ce. A kai ta a yi hoto da awon ƙwarin ƙashi tukuna. Ki buɗe mata sabon zance ki rubuto yaushe ta faɗi, ko tana iya tafiya, da magungunan da take sha, sai mu duba a can.